Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Ƙidaya Ta Ƙasa: Ku Ƙirga Mu Da Sunan Ƙauyenmu

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, Abuja,
ta hannun Kwamishinan Tarayya mai wakiltar Jihar Zamfara, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da dukkan ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ni ɗan wani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Anka, kuma na yi aikin lafiya a matakin farko har ƙarfina ya ƙare na ajiye. Ba zan ambaci sunan ƙauyen a nan ba, duk mai zama a Zamfara ya san dalili. Amma ku ba baƙinsa ba ne, domin ma'aikatanku sun shiga shi, sun rubuta lamba a bangon gidajensa, sun shafa wa mutanensa tawada a yatsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami guda ɗaya ne. Duk ranar da Allah ya nufa aka yi ƙidaya ta gaba, ina roƙon ku fitar da sakamakon ƙauye ƙauye, tunga tunga, kowane wuri da sunansa da adadin mutanensa. Kuma wanda tashin hankali ya kora daga garinsa, ku rubuta shi tare da sunan garin da ya baro. Sauran abin da zan faɗa duk bayanin wannan ne.

Kun fi ni sanin tarihin. An yi ƙidaya a 1962 aka soke, aka sake a 1963. Ta 1973 ma sokewa aka yi. Sai 1991, sai kuma 2006, wadda ta ce mu miliyan 140 ne da 'yan kai, ta ba Zamfara mutum miliyan uku da dubu ɗari biyu da wani abu. An sa ranar 3 ga Mayun 2023 don a sake, saura 'yan kwanaki gwamnatin wancan lokaci ta ɗage. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon ƙidayar 2006 yau ya isa kaɗa ƙuri'a, wata kuwa tana goye da nata. Ƙa'idar da duniya ke bi shekara goma goma ce.

Wannan jinkiri kowa yana maganarsa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne bambancin da ke tsakanin ƙidayar 1991 da ta 2006. A ta 1991, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, an fitar da jerin garuruwa da ƙauyuka, kowanne da yawan mazansa da matansa. Mutum yana iya buɗe takarda ya sa yatsa a kan sunan garinsu. A ta 2006 kuwa, abin da aka bayyana wa jama'a ya tsaya ne a kan ƙaramar hukuma. Zamfara ƙananan hukumomi 14 gare ta, ke nan layi 14 ne suka haɗiye dubban ƙauyuka. Saboda haka adadin hukuma na ƙarshe da ƙauyenmu ya samu da sunansa ya girmi Jihar Zamfara kanta, wadda aka kafa a 1996. Da sakamakon 2006 ya fito, gardamar ƙasa gaba ɗaya ta koma kan Kano da Legas, wa ya fi wa. Ban ji wanda ya tashi ya tambayi ina lissafin tungaye ya shiga ba.

Wataƙila a Abuja a ga wannan ƙaramin abu ne. Bari in faɗa muku yadda yake sauka a kan ma'aikacin ɗakin shan magani. A ofis ana ɗaukar adadin 2006, a riƙa ɗora masa kimanin kashi 3.2 cikin ɗari kowace shekara, sannan a yanka shi a raba wa mazaɓu. Daga abin da aka ba mazaɓarka za a ce kashi 4 cikin ɗari jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 20 yara 'yan ƙasa da biyar, kashi 5 masu juna biyu. Da wannan lissafi ake auno maka allurar rigakafi, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin da ake ba yara duk wata a damina. Lissafin yana ɗauka cewa kowane gari yana ƙaruwa daidai da ɗan'uwansa, kamar babu wanda ya tashi, babu wanda ya sauka. Sai ka tarar a wata mazaɓa an yi wa yara rigakafi fiye da waɗanda takarda ta ce akwai, kuma ga iyaye mata a tsaye magani ya ƙare. A wata kuma ma'aikaci ya bi gida gida bai bar yaro ko ɗaya ba, amma rahotonsa ya nuna ko rabi bai kai ba, a kira shi a yi masa faɗa. Na ga duka biyun da idona. Laifin ba na ma'aikaci ba ne, ba kuma na iyaye ba ne, adadin da aka ɗora aikin a kansa ne ya tsufa.

Haka abin yake wajen malaman makaranta, da taki, da rijiyar burtsatse, da rumfar zaɓe. Ko kuɗin da ake rabawa tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin rabon yawan jama'a ne. Da kawunanmu ake karɓo kuɗin. In sun iso, babu wata takarda da mai gari zai ɗauka ya je sakatariya ya ce ga yawanmu, ina rabonmu.

Yanzu ku ba ni dama in kwatanta muku ƙauyen, domin ba mutum nawa ne kawai abin sani ba, har da su wane ne.

Idan kuka zo mana da kaka, bayan an yanke gero an fara shiga dawa, za ku ga gari cike. Samari suna sussuka, masallacin Juma'a na maƙwabta ba ya ɗaukar jama'a, ana ɗaurin aure kusan kowane mako. Ku dawo bayan wata uku, sai ku rantse wani gari ne daban. Majiya ƙarfi sun tafi cin rani: wasu Legas da Ibadan suna acaɓa da dako, wasu Abuja suna ga-ruwa da gadi, wasu suna ramukan zinare. Yara maza da yawa suna gaban malamansu a Gusau ko Zariya ko Kano. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, da mata, da ƙananan yara. Wannan ba sabon abu ba ne, haka muka taras iyayenmu suna yi. Amma ku duba lokacin da aka yi ƙidayoyi biyu na baya. Ta 1991 a watan Nuwamba aka yi, mutane suna gida. Ta 2006 a ƙarshen Maris aka yi, tsakiyar rani. Tsarinku kuwa shi ne a ƙirga mutum a inda aka same shi. Ban ce tsarin ba shi da hujja ba, na san don gudun ƙirga mutum sau biyu aka yi shi. Sai dai sakamakonsa shi ne magidancin da gonarsa da matansa da kabarin ubansa duk suna ƙauyenmu, an rubuta shi a Legas, in ma an same shi ke nan, domin mai kwana a tasha ko a rumfar kasuwa ba kasafai malamin ƙidaya ke riskarsa ba. Ya faɗi nan, ya faɗi can. In da za a ji shawarar talaka, da sai in ce a sa ƙidaya a ƙarshen kaka, hanyoyi sun bushe, ba a kuma fara watsewa ba. In hakan bai yiwu ba, to a tambayi kowane gida mutum nawa ne nasu suke waje da niyyar dawowa, a ware musu gurbi daban.

Wancan shi ne tsohon yanayi. Na yanzu ya fi shi ɗaci.

Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna sauya taswirar Zamfara. Akwai tungayen da muke zuwa rigakafi a da, yau babu kowa cikinsu sai kufai da ciyawa. Mutanensu wasu sun dawo cikin ƙauyenmu, gida ɗaya ya koma ɗauke da iyali uku. Namu kuma wasu sun ƙara gaba, suna Anka, suna Gusau, suna Talata Mafara. Kaɗan ne cikinsu suke wurin da za a kira sansani. A Anka mutane sun daɗe suna fake a filin sabuwar fadar Sarki da ba a gama ginawa ba, amma mafi yawa suna raɓe ne a gidajen dangi, da kangwaye, da shagunan da babu kowa. 'Yan'uwanmu na arewacin jiha, wajen Shinkafi da Zurmi, wasunsu sun ƙetara iyaka, suna cikin dubban da suka shiga yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar tun daga 2019. Rugagen Fulanin da muka tashi muna sayen nono a wurinsu, waɗanda ba ruwansu da kowa, su ma da yawa sun watse, an kwashe musu shanu ko an kore su da laifin da ba su yi ba.

Abin da wannan ya yi wa tsarin jama'ar gari ba ya ɓuya ga mai ido. Matan da mazansu suka mutu sun yi yawa, kuma da yawansu ƙuruciya gare su. Gidajen da mace ce ke ciyar da su, abin da a da sai ka yi da gaske ka nuna ɗaya, yanzu suna ko'ina. Kakanni suna riƙon jikoki marayu. Ana aurar da 'yan mata da wuri, ba don komai ba sai don uba yana ganin ɗakin miji a cikin gari ya fi masa kwanciyar hankali. Samarin da ke tafiya cin rani su dawo da ruwan farko, yanzu wasu sun daina dawowa, tunda gonar nesa ba ta nomuwa. Duk wannan babu shi a cikin kashi 3.2 da ake ɗorawa a ofis.

To ga abin da ke hana ni barci. In aka zo ƙidaya aka bi tsarin da aka saba, matar da ta gudo daga tungarsu za a rubuta ta a matsayin mutuniyar Gusau. Tungar kuwa za a rubuta babu kowa, ko ma a tsallake ta saboda babu hanyar shiga. Daga ranar ta fita daga takardar hukuma. Gobe in Allah ya kawo zaman lafiya, mutanen suka ce za su koma, da wace hujja za su nemi a gyara musu rijiya ko a maido musu makaranta? Wa zai shaida cewa gonakin nan suna da masu su? Ƙidayar da aka yi ta haka za ta zama kamar ta sa hannu ne a kan abin da masu bindiga suka aikata. Na tabbata ba nufinku ke nan ba, shi ya sa nake roƙo tun kafin a buga takardun tambaya. Tambayar inda mutum ya fito kada ta tsaya a jiha da ƙaramar hukuma, ta sauka har sunan ƙauye. A tambayi shekarar da ya taso da abin da ya taso da shi. Ƙauyen da aka tarar ya zama kufai a bar sunansa a cikin jerin, a rubuta a gabansa cewa mutanensa suna gudun hijira, ga adadin da aka samu a wurare kaza. Na san kun yi aikin shata yankunan ƙidaya a kusan dukkan ƙananan hukumomi 774, da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma aiki ne babba da ya cancanci yabo. Amma hoto daga sama rufin ɗaki yake nunawa, ba ya faɗin ko akwai mai kwana a ciki. Shekarun da suka wuce tun shatar, a Zamfara sun isa gari ya tashi, wani ya ninka.

Akwai wanda zai ce bayyana yawan mutanen ƙauye a irin wannan lokaci haɗari ne, kada a ba ɓarayi makami. Na yi tunanin wannan sosai, domin ni ma ina da 'ya'ya da jikoki a can. Gaskiyar magana, waɗanda ke sa wa ƙauyuka harajin noma da na girbi ba su jira takardarku ba. Sun san gida nawa ne, sun san mai shanun huɗa, sun san wanda ɗansa ke aiko da kuɗi daga kudu. Hukuma ce kaɗai aka bari a baya. Abin da ya wajaba a tsare shi ne sirrin gidaje: sunan mutum, da abin da ya mallaka, da lambar wayarsa. Wannan amana ce a wuyanku, kada ta fita ko da wasa. Jimillar gari kuwa, maza kaza, mata kaza, yara kaza, ita ce abin da talaka zai riƙe ya nemi haƙƙinsa.

Ranka ya daɗe, mu a ƙasar Anka da Bukkuyum mun taɓa biyan kuɗin rashin lissafi da rayukan 'ya'yanmu, kuma ba na jin akwai wanda ya kamata ya tuna wannan fiye da hukumarku. A farkon 2010 yara suka riƙa mutuwa a Dareta, da 'Yargalma, da Abare, da wasu ƙauyuka, daga baya aka gano har da Bagega. Gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake daka a cikin gidaje. Yaro ya fara amai, ya sanƙame, kafin a ankara ya cika. Iyaye suna binnewa suna cewa ƙaddara, wasu suna zaton sanƙarau ne ko shafar iska. Babu littafin da ake rubuta mutuwa, saboda haka babu wani a sakatariya ko a Gusau da zai duba ya ce wannan wata an yi rashin da ya wuce kima. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan rashin yara suka kai kuka. Da masana suka zo, abin da suka fara yi shi ne bin gida gida suna ƙirgawa, suka tarar a gidajen da suka bincika a ƙauyuka biyu, kusan yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu cikin shekara guda. Aƙalla yara 400 aka rasa. Allah ya jiƙansu, ya sa masu ceto ne. Da akwai littafi a hannun mai unguwa wanda wani ke dubawa duk wata, na yi imani da an farga tun kaburburan ba su kai haka ba.

Rajistar haihuwa da mutuwa aikinku ne, dokar 1992 ta wajabta ta kuma ta ɗora muku. Binciken lafiya da ku da kanku kuka gudanar a 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da biyar aka yi wa rajistar haihuwa a faɗin ƙasa, kuma a cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar. Wannan matsakaicin ƙasa ne, har da birane. Ku ƙiyasta ƙauyen da mace ke haihuwa a ɗakinta a hannun ungozoma, ofishin rajista kuwa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, a bayan hanyar da ba a binta sai da addu'a. Uba ba zai sa ransa a haɗari ya biya kuɗin babur don takardar da bai ga amfaninta yau ba. Mutuwa kuwa ba a ma maganarta. Mu Musulmi ne, wanda ya rasu da safe kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba mai tunanin takarda.

Amma akwai mutanen da ba a haihuwa ko mutuwa a gari ba da saninsu ba. Ungozoma tana wurin yanke cibi. Wanzami yana wurin aski ranar suna. Liman shi ke raɗa sunan, shi ke sallar gawa. Mai unguwa kuwa ko baƙo ne ya kwana sai an gaya masa. Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, dagaci yana da littafin haraji da sunan kowane baligi a ƙasarsa, kuma babu kwamfuta a wurinmu a lokacin. In an iya rubuta mu don a karɓa, ana iya rubuta mu don a tsare rayukanmu. Ku ba kowane mai gari littafi mai sauƙi, da Hausa, boko ko ajami, duk wanda limaminsa ya fi iyawa. A rubuta haihuwa, da rasuwa da shekarun mamaci, da wanda ya tashi, da wanda ya sauka. Ƙarshen wata a kai wa hakimi, ma'aikacinku ya ɗauka daga can ya shigar a na'ura, ya aiko da takardun haihuwa ta hanyar da littafin ya bi. A ba mai rubutun ɗan abin sayen sabulu, kada a mai da shi aikin sa kai da za a yi wata biyu a watsar. Masu rigakafin shan inna sun riga sun nuna hanya, domin jerin ƙauyuka da rugage da suka tara, wanda ake sabuntawa kowane zagaye, yana nan a ofisoshin lafiya na ƙananan hukumomi. Ku nema ku gwada da naku.

Sai maganar waɗanda za ku turo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ku ɗauki 'ya'yan yankin, kuma kowace tawaga a sa mace. Gidajenmu da yawa na kulle ne, namiji baƙo iyakarsa zaure. Abin da maigida zai faɗa a zaure ba lallai ya cika ba. Yana iya manta jaririyar da aka haifa shekaranjiya, ko yarinyar riƙo, ko tsohuwar da ke ɗakin baya, ko ɗan da ke da lalurar da ake ɓoyewa. Mace in ta shiga ciki za ta gani da idonta. Kuma ta san yadda ake tambaya. Uwa a wurinmu ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kama na mijinta, wata ko adadin 'ya'yanta ba ta son faɗa a gaban mutane don tsoron baki. A wurin Fulani kunyar ta fi haka ƙarfi. Wanda bai san wannan ba zai tambaya sau ɗaya, a yi shiru, ya rubuta abin da ya ga dama ya wuce. Dattawa kuma har yau akwai masu tuna cewa duk ranar da malami ya zo da takarda yana ƙirga kawuna, haraji ko jangali ne ke biye. Waɗannan ba sanarwar rediyo kaɗai za ta kwantar musu da hankali ba, sai sun ji daga bakin mai gari da liman.

Shekaru ma haka. In ka tambayi dattijo shekarunsa zai ce sittin ko saba'in, kowa a kan cikon goma, sai lissafin ya fito a karkace. Amma ka tambaye shi ko ya yi wayo lokacin da motoci suka koma hannun dama a 1972, ko lokacin da naira ta maye gurbin fam a 1973, ko yana cikin yaran da aka kwasa makarantar UPE, shirin firamare kyauta ga kowa, a 1976, nan take zai ba ka amsa. Mace za ta gaya maka ɗanta na goye lokacin da aka ba mu jiha, ko tana da cikin wance lokacin taron ƙaddamar da shari'a a Gusau a 1999, ko an yaye wane a shekarar gubar dalma. Ku zauna da dattawan kowace masarauta ku tsara irin wannan jeri, kowane yanki da nasa, domin abin da mutumin Gummi ke tunawa ba shi na Tsafe ke tunawa ba.

Na ji an ce ƙidaya mai zuwa da na'urar hannu za a yi. Madalla. Ku dai tuna cewa a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda tsaro, kuma ko ba a rufe ba akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis, wutar caji kuwa sai ranar kasuwa. Inda kuma tsaro ya hana ma'aikaci shiga sam, kada a zauna a ɗakin otal a cike gurbin da ƙiyasi a kira shi ƙidaya. A rubuta a fili cewa wuri kaza ba a shiga ba, adadin da ke nan ƙiyasi ne, ga yadda aka yi shi. Mun fi son a gaya mana ba a ƙirga mu ba, da a ba mu adadin da za a riƙa auna mana magani da shi shekara ashirin masu zuwa alhali ba namu ba ne.

Na san sa ranar ƙidaya ba a hannunku kaɗai yake ba, sai shugaban ƙasa ya yi shela, sai an saki kuɗi. Amma littafin haihuwa da mutuwa ba ya jiran shelar kowa, haka gyaran takardar tambaya, haka alkawarin fitar da sakamako har matakin ƙauye. Ina roƙon mai girma Kwamishina ya kira taro a Gusau da wakilan sarakuna da hakimai, da limamai, da shugabannin Fulani, da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi 14, a sa har da matan da ke gudun hijira, a fara da tattara sunayen ƙauyukan da suka tashi da inda mutanensu suke zaune yanzu. In an ga ba za a iya ɗaukar jihar gaba ɗaya a tashi guda ba, a gwada littafin a gunduma ɗaya ta ƙasar Anka ko Bukkuyum na tsawon shekara, a ga abin da zai fito. Mai garinmu da limaminmu na yi magana da su kafin in rubuto, sun ce a shirye suke, kuma akwai malamin makaranta da ya yarda ya riƙe alƙalamin.

Allah ya yi muku jagora, ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da Nijeriya baki ɗaya.

Wassalam.

Naku,
Tsohon ma'aikacin lafiya,
daga ƙasar Anka, Jihar Zamfara.